Sharhi: Dodon Koɗin Moorea da Maganin da Ya Fi Cutar Ɓarna

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A shekarar 2025 aka sauya wa wani ɗan ƙaramin dodon koɗi matsayi a Jan Kundin Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, kundin da ake lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa. Sunansa a wurin masana Partula tohiveana, mazauninsa kuwa tsibirin Moorea, maƙwabcin Tahiti, a yankin Polinisiya da ke ƙarƙashin Faransa, can tsakiyar Tekun Fasifik. Da yana cikin rukunin waɗanda suka ƙare a daji, sai dai a gidan ajiye namun daji. Yanzu ya koma rukunin masu fuskantar matsanancin haɗari. Wato dai an ɗauko shi daga bakin kabari an mayar da shi gadon asibiti, kuma a kan wannan aka yi ta murna daga Landan har Tahiti.

Kada mai sauraro ya ɗauko hoton ƙatuwar katantanwa. Wannan bai wuce santimita 2 ba, kamar gaɓar ɗan yatsa. A kan bishiya yake rayuwa, yana maƙale a bayan ganye, yana lasar ruɓaɓɓen tsiro. Ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, ɗaya-ɗaya, cikin nawa. Kusan kowane kwari a waɗannan tsibirai yana da irin nasa, da launinsa da zanen bayansa. Wannan ne ya ja masanin Amurka Henry Crampton ya shafe shekaru yana nazarinsu a farkon ƙarni na 20, matan tsibiran kuma suka daɗe suna jera ɓawonsu suna yin sarƙar ado.

To me ya cinye su? Ɗan Adam ne, da hannunsa, kuma da kyakkyawar niyya, wadda ita ce ta fi ba ni takaici a labarin.

A 1967 aka kai Tahiti babban dodon koɗin nan ɗan asalin Gabashin Afirka, da nufin a riƙa kiwonsa ana ci. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, shi kuwa ya bazu cikin gonaki da lambuna yana ɓarna. Manoma suka koka. Sai hukuma ta ga ai ƙarfe ne ke yanka ƙarfe: aka ɗauko wani dodon koɗi mai cin 'yan uwansa daga jihar Florida ta Amurka, Euglandina rosea, aka sake shi a Tahiti a 1974, aka kai shi Moorea a 1977.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi wannan mafarauci bin sawun yauƙi yake yi, kamar yadda kare ke bin ƙanshin zomo. Ya fi Partula sauri nesa ba kusa ba, yana hawa bishiya, ƙanana kuma haɗiye su yake yi har da ɓawo. Me zai kai shi kokawa da ƙaton Afirka alhali ga nama mai sauƙi a kan reshe? Cikin kimanin shekara goma aka nemi Partula a dazukan Moorea aka rasa. A ɗaukacin rukunin tsibiran, iri fiye da 50 suka ɓace daga daji. Kuma fa ba za a ce ba a sani ba, don tun 1955 aka kai wannan mafarauci Hawaii, bai gama da ɗan Afirka a can ba, sai 'yan ƙasa ya bi.

Abin da ya rage shi ne wanda masana irin su Bryan Clarke da James Murray suka tsinto a guje kafin mafaraucin ya iso. Aka rarraba su a gidajen namun daji, ciki har da na Landan da na Edinburgh, cikin akwatunan gilashi, ana shafa musu abinci kamar kunu a jikin faranti, ana kula da sanyi da laima kullum. Ba duka aka yi nasara ba. Akwai irin da ake kira Partula turgida, wanda na ƙarshensa ya mutu a gidan namun dajin Landan ranar 1 ga Janairun 1996, a gaban masu kula da shi.

Wani zai ce, ana fama da yunwa da yaƙe-yaƙe, wa ke ta dodon koɗi? Tambayar tana da hujja, ba zan raina ta ba. Amma ni abin da nake dubawa shi ne lissafin. Sakin mafaraucin aikin yini guda ne. Gyaran ɓarnarsa ya haura shekara 40, da jirage, da ma'aikata, da kuɗin ƙasashe da dama, kuma iri kaɗan kawai aka iya cetowa. 

Daga 2015 aka fara mayar da su gida, tafiyar kilomita fiye da 15,000, kuma zuwa yanzu an saki dubbai masu yawa. Kafin a saki kowanne, sai a ɗiga masa ɗan fenti a bayan ɓawo, irin wanda ke ƙyalli idan an haska shi da fitila ta musamman. Da dare masu bincike ke shiga daji, suna ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗigo, baƙo ne daga gidan namun daji. A 2024 masani Justin Gerlach ya ci karo da manyan Partula tohiveana da babu ɗigo a jikinsu. A dajin aka haife su, a dajin suka girma. Wannan ne ya sa aka sauya musu matsayi.

Sai dai mafaraucin Florida bai bar tsibirin ba, ya dai ragu. Ga kuma wani sabon baƙo, wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa 'yar asalin New Guinea, wadda ita ma dodon koɗi take ci, ita ma tana hawa bishiya. Saboda haka akwatunan gilashin Landan da Edinburgh suna nan cike, ba wanda ya yi gangancin rufe su, masu fitila kuma na ci gaba da kwana a dajin Moorea suna ƙirga marasa ɗigo.

A huta lafiya.