Lambobin Google Scholar: Yadda Ake Auna Mai Binciken Kimiyyar Kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ɗalibanmu na Akoka da masu rubuta manhaja a Yaba, duk a Legas. A ce kana neman malamin da zai duba maka aikin digiri na biyu a Jami'ar Legas. Ka buɗe Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masu bincike, ka rubuta sunansa, sai ga lambobi uku a gefen dama. Me suke nufi?

Ta sama ita ce yawan ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa a nasu rubutun. Ta biyu ita ce h-index, wadda Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro a 2005. Ga yadda take aiki. Malam yana da maƙala biyar: ɗaya an ambace ta sau 40, ɗaya 12, ɗaya 5, ɗaya 3, ta ƙarshe sau ɗaya. To h-index ɗinsa 3 ne, domin yana da aƙalla maƙalu uku da kowace ta samu ambato uku ko fiye. Kafin ya kai 4, sai maƙalu huɗu sun samu aƙalla hurhuɗu. Ko da ta farkon ta kai ambato 4,000, yana nan a ukunsa. Ta ƙasa kuwa, i10-index, tana ƙirga maƙalun da suka kai ambato goma. Shi Malam biyu gare shi.

Sai dai a yi hattara. Ita h-index ba ta sauka, sai dai ta hau, don haka dattijon da ya shekara talatin yana rubutu kusan kullum zai fi matashi mai kaifin basira. Fanni ma ya bambanta. Masu aikin ƙirƙirarriyar basira suna da yawa, suna ambaton juna ba dare ba rana. Mai binciken lissafin kwamfuta zalla kuwa zai iya warware matsala mai wuya, mutane kaɗan su waiwaye shi. Haɗa su a sikeli ɗaya rashin adalci ne.

Wani abin da kan ruɗa kwamitocin ƙarin girma: a wannan fanni, manyan ayyuka sun fi fitowa a taruka irin su NeurIPS da ACL da CVPR, ba lallai a mujallu ba. Shi ya sa 'yan fannin ke leƙa DBLP, kundin maƙalun kimiyyar kwamfuta da Michael Ley ya fara a Jami'ar Trier ta Jamus a 1993. Kuma in ka ga Scopus, wani kundin da shi ma ke ƙirga ambato, ya ba da adadi ƙasa da na Google Scholar, ba ƙarya wani ya yi ba, abin da kowanne ke tattarawa ne ya bambanta.

Mu kuma muna da tamu matsalar. Muhammad Abubakar nawa ne ke rubutu a duniya? Na'ura kan zuba aikin wani a shafin wani. Maganinta lambar ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta kowane mai bincike da saura, kyauta ake yi.

Sai batun haɗin gwiwa. Dubi jerin sunayen da ke kan maƙala. A fannin koyar da na'ura, na farko yawanci shi ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe shi ne jagoran ɗakin binciken. A ɓangaren lissafi kuwa sau da yawa tsarin haruffan sunaye ake bi. Aikin MasakhaNER na 2021, wanda ya shafi koya wa na'ura gane sunayen mutane da wurare a harsunan Afirka goma har da Hausa da Yarbanci da Ibo, mutane da dama ne suka haɗu a kansa, kuma kowannensu ana rubuta masa ambaton gaba ɗaya. Lamba ba za ta faɗa maka wa ya kwana yana yi wa jimlolin Hausa alama ba.

Kai ɗalibi, abin da ya fi shafar ka shi ne wannan: ɗaliban Malam suna fitowa a matsayin marubuci na farko? Yana aiki da mutanen wasu jami'o'i, ko kullum shi da abokansa biyu ne, suna ambaton juna? Ka danna lambar da ke gaban babbar maƙalarsa, za ta jero maka duk waɗanda suka ambace ta. In rabinsu shi ne da kansa, ka nemi wani ɗalibinsa da ya gama ku zauna tukuna, kafin ka cike fom.