Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ake daskarar da murjani?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau teku za mu shiga, kodayake da yawanmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce na tafki ko kogi ba. Wasiƙu huɗu suka zo mana a kan magana ɗaya, wato labarin da ake ji cewa masana na daskarar da murjanin teku don kada ya ƙare.

Ta farko daga wata malama ce a Damagaram. Ta ce: "Don Allah murjanin nan dutse ne, ko tsiro, ko dabba? Kuma shi ne wanda kakanninmu ke sa wa a wuya?"

To Malama, dabba ce. 'Yar mitsitsiyar halitta ce mai laushi, da baki a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye da shi, dangin halittar nan ta teku mai kama da leda da ke harbin masu iyo. Tana tsotsar sinadarin alli daga ruwa ta gina wa kanta gida mai tauri. Dubbai ne ke zama manne da juna, in na ƙasa suka mutu na sama su ɗora gini a kansu, a haka har a samu tudu a ƙarƙashin ruwa bayan ɗaruruwa ko dubban shekaru. Mafi girma shi ne Great Barrier Reef a gabar arewa maso gabashin Ostiraliya, mai tsawon kilomita kusan 2,300. Ku kwatanta da tafiya daga Legas zuwa Kano, ku ninka sau biyu, har yanzu da ɗan saura.

Jan murjanin da ake yi wa amare da sarakuna ado da shi ɗan'uwa ne na nesa. Shi asalinsa tekun Bahar Rum ne, yana fitowa kamar reshen itace a wurare masu duhu, ba ya gina tudu. Sunan dai ɗaya ne, mun aro shi daga Larabci, kuma duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya ci karo da shi tare da lu'ulu'u.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Fot Sudan. Ya ce shi kam yana ganin murjani da idonsa a Bahar Maliya, yana tambaya: "Me ke kashe shi har ake maganar adanawa?"

Alhaji, kai ne ka fi mu kusa da abin. Tsofaffin gidajen Sawakin da na tsohuwar Jidda da dutsen murjani aka gina su, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa yankin Sanganeb na gabar Sudan cikin wuraren gado na duniya saboda murjaninsa. Babban abin da ke kashe shi zafi ne. A cikin tsokar murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci ta ciyar da mai masaukinta, ita ce kuma ke ba shi launi. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Amma in zafin ruwa ya ɗara na lokacin bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma jima makonni a haka, sai zaman ya ɓaci, murjani ya kori baƙuwar. Sai ka gan shi fari fat kamar ƙashi. A lokacin bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwan ya huce da wuri yakan farfaɗo, in ya daɗe sai mutuwa.

A Ostiraliya an ga irin wannan fari mai yawa a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ku lura da yadda tazarar ke raguwa, alhali murjani na bukatar shekara goma ko fiye kafin ya murmure. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta bayyana cewa duniya ta shiga annobar farin murjani karo na huɗu. Tun a 2018 kuwa kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na murjanin, in ta kai digiri 2 kuwa sama da kashi 99. Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in ire-iren halittun teku a nan suke fakewa.

Yanzu ga wadda ta fi ɗaukar hankalina. Wani malamin makaranta daga Zangon Kumasi ya rubuto: "In na sa kifi mai rai a firiza mutuwa yake yi. Ta yaya za a daskarar da abu mai rai ya dawo?"

Malam, gaskiyarka. Abin da ke kashe kifinka ba sanyin ba ne shi kaɗai, ƙanƙara ce. Jikin kowace halitta cike yake da ruwa, kuma in ruwa ya daskare a hankali sai ya zama 'yan allurai masu tsini, su huhhuda ƙwayoyin halitta daga ciki. Ka sa tumatir a firiza ka fitar da shi gobe, ka ga yadda zai saki jiki ya zama ruwa. Aikin alluran nan ne.

Dabarar masana ita ce a hana alluran fitowa. An gano bakin zaren a Ingila a 1949, lokacin da Christopher Polge da abokan aikinsa suka lura cewa maniyyin zakara na tsira daga daskarewa in an gauraya shi da gilisarin. Daga nan aka samu hanyar adana irin bijimai, wadda likitocin dabbobi ke amfani da ita har a ƙasarmu, kamar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya. Ana zuba irin a 'yan siraran bututu, a tsoma a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi komai na jikin ƙwayar halitta ya tsaya cak, ba ci, ba numfashi, ba tsufa.

Wadda ta yi fice wajen kai wannan dabara ga murjani ita ce Dakta Mary Hagedorn ta cibiyar Smithsonian a Amurka, mai aiki a wani ɗan tsibiri a Hawayi. Matsalarta ta farko lokaci ne. Yawancin murjani sau ɗaya yake haihuwa a shekara. A Ostiraliya 'yan kwanaki ne bayan wata ya cika, galibi a Nuwamba, da dare. Sai duk su saki ƙwai da maniyyi a tare, ruwan ya turnuƙe kamar ana yayyafi daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya makara a daren nan sai baɗi. Shi ya sa ake kwaso murjanin tun kafin lokacin a ajiye a manyan tankuna na cibiyar binciken teku ta Ostiraliya kusa da Townsville, masana su kwana a kansu da jar fitila suna jira.

Abin da aka tara ana kai shi rumbun gidan namun daji na Taronga da ke Ostiraliya. Wani ɓangare na rumbun yana garin Dubbo, can cikin ƙasa, tafiyar sa'o'i daga bakin teku. Irin murjani na kwance a tulun ƙarfe, raƙumin dawa na kiwo a waje. An tara na wajen iri 30, alhali murjani mai tauri a wannan teku ya haura iri 400, don haka aiki na gaba.

Ko irin na aiki bayan an narkar da shi? Yana yi. A tekun Karibiyan akwai wani murjani mai rassa kamar ƙahon barewa da ya kusa ƙarewa. An ɗauko daskararren maniyyinsa daga Filorida da Puerto Rico, aka haɗa da sababbin ƙwai a tsibirin Curaçao, aka samu 'ya'ya, aka rene su a Filorida. An wallafa sakamakon a 2021. Waɗannan dangi ne da nisa ya raba, da ba za su taɓa haɗuwa da kansu ba.

Sai dai maniyyi rabin iri ne. Ƙwan murjani babba ne kuma cike da kitse, ba ya jure daskarewa. Sai masana suka koma ga jaririn, wato 'yar tsutsar da ke fitowa bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi, wadda ba ta wuce ƙwayar yashi ba. A nan sai aka bi wata hanya: a sanyaya ta da tsananin sauri yadda ruwan jikinta zai sandare kamar gilashi ba tare da allura ko ɗaya ba. Abin mamaki, narkarwar ta fi daskarwar haɗari, don in aka ɗumama a hankali alluran kan fito a hanyar dawowa. A 2018 Jonathan Daly da Hagedorn suka yi nasara a kan wani murjanin Hawayi ta hanyar sa ƙurar zinari a ruwan, sannan su harba hasken leza, zinarin ya ɗau zafi ya narkar da ɗigon kafin ƙiftawar ido. Ya yi aiki, amma da tsada, kuma kaɗan-kaɗan ake yi. A ƙarshen 2022 aka gwada wata 'yar raga mai kama da rariya, wadda injiniyoyin Jami'ar Minnesota suka ƙera, a kan jariran murjanin Ostiraliya. Ana shimfiɗa su a kanta a tsoma gaba ɗaya, ba leza, ba zinari.

A 2023 kuma aka matsa gaba, aka daskarar da gutsuren babban murjani, kamar girman farce, a cikin wani ƙaramin akwatin alminiyam mai tauri da ke hana ƙanƙara samun wurin kumbura. Bayan narkarwa an bi su na kwana ɗaya, aka tarar suna numfashi. Kwana ɗaya ba rayuwa ba ce, amma in hanyar ta kankama ba sai an jira daren haihuwa ba, kowace rana ana iya ɗiba.

Wasiƙar ƙarshe daga Kano take, daga wani mai sana'ar ƙanƙara, kuma da ɗan zafi ta zo. Ya ce: "In an ɗauke wuta fa? Sannan ba ɓarnar kuɗi ba ce, tunda tekun da za a mayar da su yana nan da zafinsa?"

Ranka ya daɗe, ta farkon mai sauƙi ce. Tulun naitirojin ba ya amfani da wuta. Kamar filas ɗin shayi yake, bango biyu ne da aka zuƙe iskar tsakaninsu. Abin da yake bukata kawai a riƙa ƙara masa ruwan, don yana ƙafewa a hankali. Haɗarinsa sakacin mai kula ne, shi ya sa ake raba ajiyar a wuri fiye da ɗaya.

Ta biyun kuwa, ni ma ina tare da kai har rabin hanya. Daskarwa ba ta rage wa teku zafi ko na digiri ɗaya, kuma masu aikin da kansu ba sa cewa tana yi. Babu kuma wanda zai dasa kilomita 2,300 da hannu. Inda na rabu da kai shi ne kiranta ɓarna. Manomi ya san bambancin gona da iri: fari na iya cinye gonar bana, amma wanda ya cinye irinsa ko damina ta yi kyau ba shi da abin shukawa. An riga an ga amfanin irin wannan ajiya a tsirrai. A Svalbard na ƙasar Norway akwai rumbun iri na duniya da aka buɗe a 2008 cikin dutse, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, har da waken da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta aika. Da yaƙin Siriya ya raba masana da rumbunsu na Halab, daga Svalbard suka karɓo irinsu a 2015, suka sake shukawa a Lebanon da Maroko.

Murjani kuma yana da wani abu da ya ƙara wa ajiyar daraja. Ba duka ne ke da rauni iri ɗaya ba. Na arewacin Bahar Maliya, wajen mashigin Aƙaba, an gwada shi an ga yana jure zafin da ya haura na wurinsa da digiri da dama. A kowane tudu ma akan samu 'yan tsiraru da suka tsallake annobar farin murjani alhali maƙwabtansu sun mutu. Irin waɗannan ake so a kama tun suna nan, a haɗa su da na wasu wurare a samu zuriya mai juriya. Kowace shekarar farin murjani na tafiya da wasu dangi gaba ɗaya, kuma wanda ba a ɗebi irinsa kafin nan ba, ba inda za a samo shi.

Alhaji na Fot Sudan, in ka sake fita teku ka rubuto mana launin da ka gani a ƙasan jirgi. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.