Shakka Iri Biyu a Koyarwar Buddha

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da yamma. Kamar yadda aka saba a wannan zaure, sanin abin da wasu al'ummai suka yarda da shi ne ya tara mu, ba wa'azi ba. Yau Indiya muka nufa.

A arewacin Indiya, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai wani gari mai suna Kesaputta a ƙasar Kosala, mutanensa ana ce musu Kalama. Garin zango ne na malamai masu yawo. Yau wannan ya sauka ya yabi tasa koyarwar, ya kushe ta wancan, gobe wancan ya zo ya rama. Da Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buddha, ya iso, sai suka kai masa kuka: kanmu ya ɗaure, mun kasa gane mai gaskiya da maƙaryaci.

Bai tsawata musu ba. Cewa ya yi daidai ne su yi shakka, tunda abin shakka ne ya same su. Sai ya jero abubuwa 10 da bai kamata su rataya kansu a jikinsu ba: abin da aka gada baki da baki, jita-jita, kasancewar magana a rubuce cikin littafi, ƙwarewar mai maganar, har da "ai malaminmu ne ya faɗa".

Mutane da yawa a nan suke rufe littafin. A intanet za ku ga an liƙa wa Buddha wata magana, wai kada ka yarda da komai sai abin da hankalinka ya ɗauka. To, a koma kan jerin. Huɗu daga cikin goman aikin hankali ne tsantsa: mantiƙi, ƙiyasi, auna hujjoji, da riƙe ra'ayi don ka juya shi a zuci har ya kwanta maka. Wato hankalin naka ma bai tsira ba. Me ya rage ke nan? Gwaji. Ya tambaye su: idan kwaɗayi ya shiga zuciyar mutum, alheri yake jawo masa ko sharri? Suka ce sharri. Ƙiyayya fa? Ruɗu fa? Ba su ne ke sa mutum ya kashe, ya sata, ya nemi matar wani, ya yi ƙarya ba? Suka ce su ne. Ya ce to abin da kuka gani da kanku yana cutarwa, masu hikima kuma suna zarginsa, ku bar shi. Ku lura, masu hikima sun shigo cikin ma'aunin, ba kai kaɗai ba ne alƙali. Gani ya kori ji, amma ganin ma sai an kai shi gaban manya.

Labarin Upali ya fi burge ni. Attajiri ne a Nalanda, mabiyin Mahavira na addinin Jain. Musu ya kawo shi, aka kayar da shi, nan take ya ce ya bi. Buddha ya ce masa ya dakata ya ƙara bincike, domin sanannen mutum irinsa bai kamata ya yi gaggawa ba. Upali ya ce da wasu ne suka same shi, da tuni sun zaga gari da tuta. Aka kuma ce masa kada ya yanke sadakar da ya saba ba tsofaffin malamansa.

Sai dai kada wani ya fita daga nan ya ce addinin Buddha addinin shakka ne. Littattafan nan dai sun sa kokwanto cikin abubuwa 5 da ke tare wa mai zuzzurfan tunani hanya, tare da sha'awa, ƙulli a zuci, kasala, da rashin natsuwa. Wannan ita ce shakkar da ke hana mutum ɗaga ƙafa. Wani almajiri, Malunkyaputta, ya taɓa yin barazanar ajiye rigar sufanci idan ba a gaya masa ko duniya tana da ƙarshe ba, ko rai da jiki abu guda ne. Amsar da ya samu ita ce misalin wanda aka harba da kibiya mai dafi, ya hana a cire ta sai an faɗa masa sunan maharbin, da danginsa, da irin icen da aka yi bakan. Kafin a gama bincike ya riga mu gidan gaskiya. Tambaya ce dai, amma ba ta kai ko'ina.

Da addinin ya isa Sin da Japan, sai wasu malaman Zen, wani reshe na addinin Buddha, suka yi abin da ba a zata ba: suka mayar da shakkar kanta abin aiki. Dahui, malamin Zen a Sin, wanda ya rasu a 1163, yakan ba almajiri tambaya guda ya yi ta nuƙurƙusarta dare da rana. Mafi shahara ita ce wadda aka yi wa malam Zhaozhou, ko kare yana da ɗabi'ar Buddha, wato iya kaiwa ga wayewa irin ta Buddha, ya ce babu, alhali koyarwarsu ta ce duk mai rai yana da ita. Ba a son ka warware da wayo. So ake ka ƙulle har tunanin da ka saba da shi ya gaza. Hakuin ya farfaɗo da wannan hanya a Japan a ƙarni na 18. Amma ko su ba su bar shakka ita kaɗai ba. Gaofeng, a ƙarni na 13, ya ce sai an haɗa uku: babbar yarda, babbar himma, babbar shakka. Kamar duwatsun murhu ne, ka zare ɗaya tukunya ta kife.

Nawa ganin, mutanen Kesaputta ba mabiyansa ba ne a lokacin da suka yi tambayar, shi ya sa ya fara musu daga abin da kowa zai iya dubawa a zuciyarsa. Idan da almajiransa yake magana, za ka ji batun yarda da malami ya yawaita, ko da yake su ma ya umarce su da su sa masa ido, su ga ko aikinsa ya yi daidai da bakinsa kafin su sakankance.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Batun muhawarar sufayen Tibet, masu tafa hannu idan sun jefa tambaya, sai zama na gaba. Malama a layin baya, ke kika fara ɗaga hannu, bismillah.