Gwajin fitsarin da aka yi mini a ranar farko ta awo

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, barkanmu da sake haɗuwa. Ina magana da ku ne daga ɗakina a nan Ingila, cikina ya shiga mako na 19, kuma wannan 'yar kwalbar roba da kuke gani a hannuna ita ce ta sa na kunna kyamara yau.

Ranar da na fara zuwa awo, ciki yana da mako 10, ungozoma ta miƙo mini irinta ta ce in kawo fitsari. Na gaya mata lafiyata ƙalau, ba na jin zafi idan ina fitsari, marata ba ta ciwo, babu zazzaɓi. Ta ce ai saboda irina aka fi yin wannan gwaji. Bayan kwana uku suka kira ni suka ce in sake kawo wani, domin na farkon ya gauraya da ƙwayoyin cuta na fata, ba a iya gane komai a cikinsa ba. Laifina ne, don na tari fitsarin tun daga ɗigon farko. A karo na biyu ungozomar ta nuna mini yadda ake yi dalla-dalla: ki wanke hannu, ki tsaftace gaba daga gaba zuwa baya, ki bar na farko ya zuba a masai, sannan ki tari na tsakiya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa jikinki ba. Ta ƙara da cewa kada ya wuce awa biyu bai isa wurin gwaji ba, sai dai in an sa shi a firji.

Sakamakon ya fito da ƙwayar cutar E. coli, wadda ke zaune a hanji, kuma ita ce ke haddasa mafi yawan ciwon mafitsara. Jikina ya yi sanyi ƙwarai, domin da an bar ni da abin da nake ji a jikina, da har yau ban sani ba.

Mu Hausawa mun saba kiran komai da ciwon sanyi, ko ƙaiƙayi ne, ko fitar farin ruwa, ko zafin fitsari, kuma a ganina wannan haɗa su wuri ɗaya yana cutar da mu, tunda kowanne da gwajinsa da maganinsa. Wanda ya same ni ba ya nuna alama ko kaɗan. Tsakanin mata 2 zuwa 10 cikin ɗari na masu juna biyu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da sun ji komai ba. Ga macen da ba ta da ciki, yawanci ba a ma ba ta magani a kan haka. Mai ciki kuwa lamarinta daban ne, domin sinadarin furojestaron, wanda ke ƙaruwa a jikin mai ciki, yana saki bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, mahaifa kuma tana girma tana danne su, sai fitsari ya riƙa tsayawa, ƙwayoyin su sami hanyar haurawa sama. Idan ba a yi magani ba, har kusan kashi 30 cikin ɗari na irin waɗannan mata kan kamu da ciwon ƙoda, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi, makyarkyata, amai da ciwon kwiɓi, wanda kan kai ga kwanciya a asibiti, wani lokaci ma ya tayar da naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini.

Ina so ku riƙe bambancin gwaje-gwaje biyu. Akwai na tsinke, wanda ake tsomawa a fitsari a ga launi ya canja cikin minti biyu. Yana da amfani, shi ne ma ake duba furotin da shi saboda hawan jinin masu ciki, amma yakan kuskure ciwon da bai nuna alama ba. Na biyu shi ne kalca: a shafa fitsarin a kan faranti na musamman, a ajiye cikin ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu, a ƙirga abin da ya tsiro. Idan ya kai ƙwaya 100,000 a kowane mililita, an tabbatar, sannan a gwada wane magani ne zai kashe ta. Wannan shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a shawarwarinta na awon ciki na shekarar 2016, inda ta ce a ba wadda aka samu da ciwon magani na kwana 7. A Amurka ma shawarar ita ce a yi kalca tsakanin mako na 12 da na 16, ko a zuwan farko. Saboda haka idan aka ce miki an gwada fitsarinki, ki tambaya cikin ladabi wane iri aka yi.

Don Allah kada ki sha ragowar maganin wata. Cikin magungunan wannan ciwo, tirimetofirim ana guje masa a watanni uku na farko saboda yana rage aikin sinadarin folik da jariri ke buƙata, naitirofurantoyin kuma ana guje masa idan haihuwa ta kusa. Likita ne zai duba watannin cikinki da sakamakon gwaji ya zaɓa. Idan kuma aka ga ƙwayar cutar da ake kira GBS, wadda kan iya kama jariri lokacin haihuwa, a fitsarin, ki tabbata an rubuta a katinki, domin za a ba ki magani ta jijiya lokacin naƙuda don kare jariri.

Na shanye maganin da aka ba ni har ƙwayar ƙarshe, ko da yake babu ciwon da nake ji balle in ce ya tafi. Bayan na gama aka sake yin kalca, ya fito babu komai. Wannan kwalbar ta hannuna ta awon jibi ce, kuma in Allah ya yarda zan gaya muku abin da aka gani.