Gonar Gado a Cikin Hoto

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, malamai, 'yan'uwa da ƙanne, barkanmu da yamma. Na gode da kuka baro harkokinku kuka zo. An ce in yi magana a kan hoto, ni kuwa hoton wuri zan ɗauka: gona, dutse, fadama, bakin rijiya, hanyar ƙauye, wuraren da muka taso.

In kun koma gida, ku ɗauko albam ɗinku, ko tsohuwar ambulan ɗin nan da ke ƙasan akwatin Inna. Za ku ga amarya da ƙawayenta, ga Baba ranar da ya dawo daga Makka, ga yara an jera su da kayan sallah. To ku dubi bayansu. Labule ne, ko zanen gidan hoto mai dogayen benaye da babu irinsu a garinmu, da fulawar roba a gefe. Mutanen suna nan, inda suka yi rayuwarsu babu shi. Ban ga laifin kowa ba. Fim ɗin wancan zamani hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma sai an biya kuɗin wanki. Wa zai ɓata fim a kan bishiyar kuka? Kuka ai kullum tana nan, haka muke gani.

Alhali hoto mafi tsufa da ya rage a duniya cikin waɗanda aka ɗauka da kyamara, hoton wuri ne. Wani Bafaranshe mai suna Niyefs ya ɗauke shi wajen 1826 ta tagar gidansa. Sai da farantin ƙarfen ya sha haske na sa'o'i masu yawa kafin rufin ɗakuna da farfajiya su fito, babu mutum ko ɗaya a ciki. Ga masu ɗari-ɗari da hoto saboda addini kuma, malamai suna nan za su gyara mini, amma sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce wa mai sana'ar zane in dole sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Hoton gona da dutse ba ya cikin abin da ake saɓani a kansa.

Ina da goggo, yayar mahaifina. Aure ya kawo ta cikin birnin Katsina tun tana yarinya, yanzu ƙafa ta hana ta zuwa ko'ina. Wata kaka na je gonarmu ta gado bayan an kwashe gero, na ɗauki hoto. Ba na a zo a gani ba ne: kara a kwance, yashi, gawo a tsakiya ya fara fitar da ganye kamar yadda ya saba in damina ta wuce, tsamiya can gefe. Na sa aka wanke shi babba, na kai mata. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can sai ta ce, "Kai ɗan nan, ina ɗorawar?" Na ce, "Goggo, wace ɗorawa?" Ta ɗora yatsa a kan fili fetal, hannun dama da gawon, ta ce, "Nan take. A gindinta muke sauke furar masu noma."

Daga nan baki ya buɗe. Ta nuna mini inda iyakar gonar take kafin a yi rabon gado. Ta nuna inda mahaifiyarta take tara kalwar daddawa. Ta ba ni labarin farin 1973, yadda kakanmu ya tsaya a bakin gonar nan da asuba yana duban gabas, ya dawo gida ya ce a fitar da shanun noma a kai kasuwa. Ta kira sunayen mutanen da ban taɓa jin an ambace su a gidanmu ba, ashe jininmu ne. Kiran magariba ne ya tashe mu.

Jama'a, goggon nan ta sha ganin hoton mahaifinta. In an miƙa mata, sai ta ce "Allah ya jiƙansa," ta miƙo. Hoton fuska addu'a yake jawowa, kuma addu'a babban abu ce. Amma labarin, da hawayen, da dariyar, sai da ta ga gonar suka fito. Ni a ganina dalili shi ne, hoton fuska rana ɗaya ya kama, ranar da aka yi wanka aka ci ado aka tsaya ƙiƙam. Wuri kuwa shekara da shekaru aka yi ana shiga ana fita a cikinsa, an yi shuka, an yi faɗa, an shirya, an yi rashi. Tsoho in ya gan shi, ya san abin da ya faru a kowane taku.

Wuraren kuma tafiya suke yi muna kallo. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari yake faɗaɗa. Waɗanda suka manyanta a cikinku sun san lokacin da in ka fita Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya ba ka yin nisa sai gonaki. Yau unguwanni ne. Ganuwa ta zaizaye, kududdufan da muka yi wasa a bakinsu an cike wasu an yi gini. Ba kukan cigaba nake yi ba, mutane sai sun sami wurin zama. Sai dai hasumiyar Gobarau tana da masu ɗaukarta hoto, haka tsohuwar Kwalejin Katsina, haka rijiyar Kusugu a Daura. Tsamiyar ƙofar gidan kakanka fa? Ba ta cikin littafin kowa. In kai ba ka ɗauke ta ba, ran da mai gatari ya zo shi ke nan.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A cikin garin nan muna tare da 'yan'uwanmu daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa, waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Da yawa sun fito ne da kayan jikinsu. Akwai yaran da aka haifa a nan, suna jin ana cewa "garinmu," ba su taɓa ganinsa ba ko a waya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ban ce wani ya jefa kansa cikin haɗari don hoto ba, ko kusa. Amma wanda garinsu ke shiguwa yau, kada ya ce sai wani jiƙon.

Matasa, ba sai da babbar kyamara ba, wayar hannunku ta isa. Ku goge gilashinta da gefen riga, don maiƙon hannu shi ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Ku kwantar da wayar, fili ya fi shiga. Rana tsaka ba ta yi, haske yana zubowa daga sama ya kashe inuwa, komai ya fito fari fat. Ku fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin kunyoyin gona da jikin katanga suke fitowa sosai. In za ku sa mutum, ku ja baya, ya fito ɗan ƙarami, wurin ya fi shi yawa. Ku ɗauki wuri ɗaya da damina, ku koma da rani ku tsaya daidai inda kuka tsaya. Kuma ku nemi izini. Gidan mutane da matan mutane ba abin ɗauka ba ne haka kawai.

Bayan haka kada hoton ya tsaya a waya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, in kuma kun tura ta WhatsApp yadda aka saba, yana rage masa kyau. Ku zaɓi kaɗan ku kai a wanke, ku ajiye inda danshi da gara ba sa kaiwa. A bayan kowanne ku rubuta sunan wurin kamar yadda 'yan gida ke kiransa, da shekarar, da na wane ne. Ranar da za ku kai wa tsohuwa ko tsoho, ku nemi yardarsu ku kunna abin naɗar murya, ku miƙa hoton, ku yi shiru ku bar su su fara.

Na ga shugaban taro yana duban agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyayenmu mata su fara.