Sharhi: Hanyar bas ta Legas da abin da Kano za ta duba

Jama'a masu sauraro, a watan Maris na 2008 ne Jihar Legas ta buɗe hanyar manyan motocin bas da ake kira BRT, daga Mile 12 zuwa CMS, tafiyar kimanin kilomita 22. Abin da ya bambanta motocin da sauran na haya shi ne layin da aka keɓe musu a kan titi, aka kange mafi yawansa da siminti don kada cunkoso ya riƙe su. Hukumar tsara sufuri ta Legas, wato LAMATA, ce ta tsara aikin, kuma tun farko ta jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka share mata hanyar samun rancen banki ta sayi motoci. Da an yi watsi da direbobin nan, da rigimar tasha ta kashe shirin tun yana jariri.

Lissafin a fili yake. Bas mai tsawon mita 12 na ɗaukar mutum kamar 70, na zaune da na tsaye, wato lodin adaidaita sahu kusan 20. Idan bas na zuwa duk minti 5, layi ɗaya zai kwashe mutum sama da 800 cikin awa guda. Amma sai an sayi tikiti kafin shiga, an daidaita dakalin tasha da ƙofar mota, an kuma bar tazarar kamar rabin kilomita tsakanin tasha da tasha. In aka saki ɗaya daga cikinsu, motar za ta ɓata a tsaye lokacin da ta samu a tafiya.

Arzikin yana zuwa ne ta ƙafar fasinja. Wanda ya san ƙarfe nawa zai isa yana iya karɓar aiki a nesa da unguwarsu, kuma inda dubban mutane ke sauka kullum, shaguna da gidajen haya na biyo baya. Birnin Kuritiba na Brazil ya gane haka tun shekarun 1970, ya ba da izinin dogayen benaye a gefen hanyar bas, ya taƙaita su a nesa da ita. Jirgin ƙasan cikin Abuja kuwa, da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, sai 2024 ya dawo. Babbar matsalarsa ita ce yawancin tashoshin sun yi nisa da inda jama'a ke kwana da inda suke aiki.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri shi ne a sayo motoci a yi bikin ƙaddamarwa, babu garejin gyara, babu kayan gyara a ajiye, kuɗin mota kuma na zurarewa a hannun kwandasta. Don toshe wannan ɓarakar Legas ta koma biya da katin Cowry, wanda fasinja ke loda wa kuɗi maimakon miƙa tsaba. Sai kuma masu jiniya da ke kutsawa layin bas; in ba a hukunta su, kowa zai bi sahunsu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin fasinja kaɗai da wuya ya riƙe mota, don haka dole gwamnati ta sa cikon a kasafi, ta riƙa biyan kamfanin da ke gudanar da motocin bisa kilomitocin da motarsa ta yi.

A Kano, tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita sahu ke ɗauke da gari, gadojin sama kuma masu mota suka fi amfana. A ganinmu, a fara da titi ɗaya, misali titin Katsina daga Dawanau ta Kurna zuwa Sabon Gari. A ƙirga fasinjojinsa safe da yamma kafin a sayi ko taya, a zauna da shugabannin 'yan adaidaita a ba su aikin kawo mutane daga lunguna zuwa tasha, sannan a tanadi filin rumfuna a kowace tasha domin masu ƙananan sana'o'in da aikin zai tasa.