Shan kashi 28 a jere, kuma ba a koma ajin 'yan dagaji ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Legas.

A gidajen kallo na Agege da Idi-Araba ƙwallon ƙafa ce sarauniya, ba musu. Amma akwai 'yan tsirarun matasa masu hana idonsu barci har ƙarfe ɗaya na dare don kallon gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka. Ba mamaki, garin Hakeem Olajuwon ne, wanda ya ci kofin sau biyu da Houston Rockets a 1994 da 1995. To, duk wanda ya goyi bayan Detroit Pistons a kakar 2023/2024, ya yi asarar barci.

Wasa 82 ake yi a kaka. Pistons ta ci 14, aka doke ta a 68. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Disamba 2023 ta sha kashi sau 28 a jere, abin da ba a taɓa gani ba a cikin kaka guda. Akwai daren da tauraron Pistons, Cade Cunningham, ya zuba maki 41 a kan Brooklyn, duk da haka aka tashi babu. A Boston sun ba da ratar maki 21, aka kamo su, aka gama da su a ƙarin lokaci. 'Yan kallo a Detroit har waƙa suka riƙa yi wa mai ƙungiyar, Tom Gores, wai ya sayar ya huta. Ƙungiyar da ta ɗaga kofi a 1989 da 1990 da 2004 ke nan fa.

Wa ya share musu hawaye? Toronto Raptors, wadda a lokacin ɗan Zariya, Masai Ujiri, ke shugabanta. Ranar 30 ga Disamba Pistons ta doke ta 129 da 127, a ranar da Toronto ta tura 'yan wasanta OG Anunoby da Precious Achiuwa zuwa New York. Sai a ce mutumin namu ne ya yi musu sadaka.

Mu da muka ga Kano Pillars ta faɗa ajin 'yan dagaji a 2022, mun san hukuncin wanda ya yi ta ɗibar kashi a ƙwallon ƙafa. A NBA ba haka abin yake ba. Ba a korar kowa zuwa ƙaramar gasa. Maimakon haka, a wancan lokacin ƙungiyoyi uku na can ƙasa kowacce tana samun damar kashi 14 cikin ɗari a ƙuri'ar da ake jefawa don zaɓen farko a cikin sababbin 'yan wasa. Wannan tsari ne ke sa wasu shugabanni su kwanta su jira tsuntsu daga sama gasashshe. Detroit ta zo ta ƙarshe a 2023, ƙuri'a ta ba ta zaɓi na biyar, Victor Wembanyama, wanda aka zaɓa na farko, ya tafi San Antonio. Detroit ta sake zama kurar baya a 2024, aka sake ba ta na biyar.

A ganina matsalar ba ta yaran ba ce. An tara matasa masu jini a jika, ba a haɗa su da isassun gogaggu masu iya jefa ƙwallo daga nesa ba, sai aka zuba dala miliyan 78.5 a kan koci Monty Williams na shekara shida, kamar tsadar direba za ta tayar da motar da ba ta da taya. Shekara ɗaya ya yi aka sallame shi, ragowar kuɗinsa kuma dole a biya.

Da aka kawo Trajan Langdon ya riƙe ragamar ƙungiyar, ya ɗauko koci J.B. Bickerstaff, ya kawo irin su Tobias Harris da Tim Hardaway Jr. da Malik Beasley su tsaya a gefen Cunningham. Yaron da ake cewa ba ya iya jan ƙungiya, shi ne dai ya ja ta zuwa nasara 44 a kakar 2024/2025, har ta shiga zagayen fitar da gwani, inda New York Knicks ta fitar da ita a wasa na shida.